Ruwa ya taɓa takardun Fumban

Malam,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka wannan wasiƙar, amma ka san halina, magana ba ta kwana a cikina.

Yara suna lafiya. Sani yana nan yana jan Keke mai ƙafa uku a Rigasa, yakan leƙo ni ran Juma'a. Ni ina cikin takabarka, ko zaure ba na zuwa. Keken ɗinkinka na lulluɓe shi da zane, ba na son ganinsa.

Maganar gafakarka ce ta sa na ɗauki biro. Kwanon rufin nan da na yi ta yi maka mita a kai, kana cewa sai bayan salla, shi ya yi yoyo a ruwan shekaranjiya, daidai kan ƙusar da take rataye. Kafin in ankara, takardun kakanka sun jiƙe sharkaf. Takardun da ka ce da hannunsa ya rubuta a fadar Fumban, tarihin sarakunanku na Bamum, da rubutun da sarkinku ya ƙago, ba boko ba, ba ajami ba. Tun daga Kamaru ka ɗauko su, ka yi shekara da shekaru a Unguwar Kanawa ko gara ba ta taɓa su ba, sai a hannuna.

Da rana ta fito na baza tabarmi, na ɓamɓare su a hankali, na danne kowace da dutse. Sun bushe, tawadar ma ba ta zube sosai ba. Sai da na zo tattarawa na gane ɓarnar da na yi. Wacce ce ta farko? Ina sama, ina ƙasa? Ba a ɗinke suke ba, Malam, kai kaɗai ka san jerinsu. Wataƙila na sa ɗa a gaban ubansa, wataƙila na binne sarki kafin a haife shi.

Maƙwabciyarmu Talatu ta leƙo, wai kayan tsibbu ne, gara in ƙone in huta. Wallahi ban san lokacin da na nuna mata ƙofa ba.

Ni ce dai mai zolayarka da cewa wannan ba rubutu ba ne, kaji ne suka taka tawada. In ka zauna bayan la'asar kana karantawa da yarenku, nakan ɗauko faifai kamar tsintar shinkafa nake yi. Sauraronka nake. Ko kalma ba na ji, muryar nake so, ban kuwa taɓa gaya maka ba. Kuma haushinka nake ji. Me ya sa da Sani ya bar koyon karatun ya gudu ƙwallo ka ƙyale shi? Ni da nake zaune kusa da kai, me ya hana ka ce in matso in koya?

Wani direba ɗan garinku ya gaya wa Sani cewa akwai sauran tsofaffi a Fumban masu iya karanta irin rubutun, har ana ɗaukar hoton takardun ana adanawa. Gobe Sani zai bi shi. Na naɗe takardunka a zanena, na sa a leda. Na ce ya gaya musu matarka ce ta hargitsa jerin, kada su ga laifinka.

Gafakar ban bayar ba. Na mayar da ita kan ƙusarta, babu komai a ciki. In la'asar ta yi, har yanzu sai in ga na ɗauko faifai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.

Taka mai mita,
Binta