Shekara Shidan da Kika Ƙara Min

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda kika koya min, gwiwa biyu a ƙasa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da ni'imarsa. Mu nan Gwiwa sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya yi, gyaɗa ce dai ta ɗan ba mu kunya.

Na san ko kina raye ba da kanki za ki karanta wannan takarda ba, sai dai a karanta miki kina gyara wa mai karatun. Na kuma san mutane da yawa za su leƙa ta. Su leƙa. Na tsufa da jin kunyar abin da rabin garin nan ya riga ya sani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, makon jiya na je Kano wajen tantance 'yan fansho. Jami'in ya dubi takardata, ya dubi fuskata, ya ce Baba wane abinci kake ci haka, ko kusa ba ka yi kama da shekarunka ba. Na ce masa ba abinci ba ne, uwa ce. Bai gane ba, ni kuma ban tsaya yi masa bayani ba. Amma tun daga tasha har gida ke nake tunawa.

Kin tuna lokacin da na shiga soja? Ina ɗan aiki a ɗakin shan magani na Babura, na iya allura da wankin miki, sai yaƙi ya tashi aka zo neman masu irin wannan hannu. Na zo na lallaɓa ki na ce aikin asibiti ne kawai, kakin ne na soja. Kika ce, "Asibitin da ake zuwa da bindiga, ai a can ake ƙera marasa lafiyar." Duk da haka kika sa min albarka, kika cika min jaka da ƙuli-ƙuli.

Aikina mataimakin likita. In likita ba ya nan, ni ne komai: ni ne ɗinki, ni ne ɗaurin karaya, ni ne mai cewa a kwantar ko a sallama. In ya dawo kuma, ni ne mai riƙe masa jaka. Alawus ɗinsa kaɗai ya fi albashina, ga shi in aka yi ƙari, nasa ya zo da gudu, namu ya zo da rarrafe. Amma a Gwiwa ba wanda ya san wannan, don ke kin riga kin gaya wa duk matan gari, a bakin rijiya da gidan suna, cewa ɗan gidanku likitan soja ne. In na zo hutu, kafin in karya kumallo zaure ya cika. Har Arɗo ya taɓa koro min saniya mai kumburin kofato, ya ce wanda ya iya soja ai saniya ba za ta gagare shi ba.

Abin da nake aiko miki duk wata ta hannun ƙaninki, Kawu Buba, ba ya kwana biyu a hannunki. Ranar kasuwa kike mai da shi akuya. Kina cewa, "Takarda ba ta haihuwa." Da aka canza fam zuwa naira mutane suna ta guje-gujen canji, kina zaune kina kallon garkenki. Kika ce a je a tambayo gwamnati ko akuyar ma za ta canza.

Bayan yaƙi da 'yan shekaru, kuɗin mai ya shigo ƙasa. Sai sanarwa ta zo bariki cewa za a zaɓi wasu daga cikinmu mataimaka a tura su karatun cikakken likita. Gwamnati ce za ta ɗauki nauyin komai, ga albashi yana tafiya, ga kuɗin littafi. Sharaɗi biyu ne: kada mutum ya kai shekara talatin, sannan ya sa hannu zai ci gaba da yi wa soja aiki bayan ya gama. Manjon da nake aiki a ƙarƙashinsa ya sa sunana, ni da abokina Kofur Garba, mutumin Roni. Ni a lissafina shekarata ashirin da bakwai. Abu ɗaya ya rage, takardar shaidar shekaru, wadda uwa ko uba za su je gaban alƙali su bayar. Baba ya riga ya rasu. Saura ke.

Na karɓi izinin kwana uku na taho ina ta murna. Na same ki kina ɓarar gyaɗa, na zauna na zayyana miki komai. Ba ki ɗago ba. Tambaya biyu kawai kika yi: shekara nawa ne karatun, kuma akwai teku tsakani? Na ce shida ne, ƙarshensa kuma wataƙila a ƙasar waje. Kika ce, "To, Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri." Ni kuma, da yake wauta ba ta da kakin da ba ta sawa, na ɗauka kin yarda.

Washegari muka hau motar 'yan kasuwa zuwa Kazaure, ni da ke da Kawu Buba. Shi Kawu na riga na saya masa sabuwar hula da goro, don in abu ya rikice ya tsaya min.

Tun daga tambayar farko abu ya fara tsami. Akawun kotu ya ce ki faɗi sunana. Ke kuwa ba ki taɓa kiran sunan ɗan fari ba, ba kuma a gaban alƙali za ki fara ba. Kika ce, "Ga shi nan tsaye, ba shi da baki ne?" Ya ce mene ne tsakaninku. Kika ce ɗan gidanmu ne. Sai da Kawu ya sa baki kafin a rubuta cewa ke kika haife ni.

Aka zo kan shekara. Kika ce da damina ne, ranar kasuwa, bayan la'asar. Akawu ya ce wace shekara. Kika ce shekarar da rijiyar ƙofar gari ta rufta. Bawan Allah baƙo ne, bai san rijiyar ba, bai ma san ƙofar ba. Sai ya jawo wani tsohon littafi da aka jera manyan abubuwan da suka faru a ƙasar, don irin wannan rana. Ya fara karanto miki: shekarar yunwa, shekarar sanƙarau, shekarar fara. Yana cewa fara kika ɗaga hannu. Kika ce, "Shekarar fara yana rarrafe. Da hannuna na ƙwaƙulo guda daga bakinsa."

Akawu ya bi layi da yatsa, ya yi lissafi a gefen takarda, ya ce talatin da uku. Na ji kamar an watsa min ruwan randa. Na ce Inna a sake tunani, lokacin farar nan ko aure ba a yi miki ba. Kika juyo kika dube ni irin kallon da kike min in na sa hannu a tukunya, kika ce, "Ni na haife ka ko kai ka haife ni?" Na waiwaya wajen Kawu. Kawu yana can yana nazarin azarar rufin kotu, sanye da hulata, bakinsa cike da gorona. Alƙali ya ce a maganar haihuwa ba shaidar da ta wuce ta uwa. Kika dangwala yatsa.

Muna fitowa kika gyara mayafi kika ce, "Ai babba ake ba babban kaso." Na ce a raina shi ke nan, tsohuwa ta ɗauka albashin soja rabon naman suna ne, wanda ya fi shekaru ya fi samu. Da wannan fahimtar na zauna shekara da shekaru.

Da na miƙa wa Manjo takardar, ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya ce ashe duk zaman nan da yayansa yake aiki bai sani ba. Ya yi ƙoƙari, amma takarda ta riga ta shiga fayil. Aka soke sunana. Garba ya tafi.

Na yi fushi da ke, Inna. Wata huɗu ban rubuto ba. Kuɗin da nake aiko miki duk wata dai ban fasa ba, don fushina bai kai ga rashin tsoro ba. Ana cikin haka aka yi babban ƙarin albashin nan, aka haɗa mana da na watannin baya a dunƙule. Bariki ta haukace. Mai rediyo ɗaya ya sayi na biyu. Akwai wani kofur da ya riƙa ɗaura agogo a kowane hannu, kuma duk da haka kullum sai ya makara fareti. Ni ban gaya miki an ba mu ba. Na je na sayi sabon babur ja, na ce zan shigo Gwiwa a kansa, in tsaya ƙofar gida in gaishe ki a tsaitsaye, ki san raina a ɓace yake.

Ranar kasuwa na iso. Yashin bakin gari bai san da shirina ba. Babur ya yi gabas, na yi yamma, a gaban masu awaki da masu fura. Aka kawo miki ni a kan amalanke, ƙafa ta kumbura. Kika leƙo, kika duba, kika ce, "Likita ne ya faɗi. A kira mai ɗori." Sati uku ina kwance a ɗakinki kina min gashi, ba ki tambaye ni kuɗin babur ba, ni ma ban tayar da maganar fara ba.

Garba ya dawo cikakken likita, da aninin hafsa a kafaɗa. Na sara masa, na riƙe masa jaka. Bai taɓa wulaƙanta ni ba, Allah ya saka masa. Wata rana muna shan shayi ya ce min yana can ƙetare tsohuwarsa ta rasu a Roni, wasiƙar ba ta same shi ba sai bayan an yi arba'in. Ya ce har yau bai san me ya kashe ta ba, shi da ya karanta cuta dubu. Na yi masa ta'aziyya, amma ban ɗauki darasin komai ba. Hassadar aninin ce ta fi damuna.

Sai ga takardar ritaya ta zo min, shekara shida kafin lokacin da nake tsammani. Na je ofis da ƙarfina na ce akwai kuskure, ko furfura ban fara ba. Aka buɗe fayil aka nuna min yatsanki. Na karɓi kuɗin sallama na dawo Gwiwa, na buɗe ɗan kantin magani kusa da kasuwa.

Ban cika shekara da dawowa ba ƙafafunki suka fara kumbura, jini ya hau. Da farko kin ƙi allurata. Kika ce, "Hannun da na koya wa cin tuwo ba zai soka min ƙarfe ba." Sai da ciwo ya matsa kika miƙo dantse, kina kallon bango. Da na gama kika ce ba laifi, ashe ba a banza gwamnati take ciyar da ni ba. Daga nan kullum da hantsi ina gidanki, in auna jini, in ba ki magani, mu yi faɗa a kan gishiri da kanwa. Shekara biyar da 'yan watanni muka yi a haka.

Wani hantsi a cikin shekarar ƙarshe, ina ɗaura miki abin awo, na ce cikin wasa da ba don fara ba da yanzu babban likita ne ke duba ki, ba ni ba. Kika bari na gama awon. Sannan kika ce, "Fara sau biyu ta zo. Babbar tana littafinsu. Ƙaramar kuwa, gonakin Gwiwa kawai ta ci, ita ka sa a baki. Akawu bai tambaye ni wacce ba." Kika ƙara da cewa, "Ni da ban taɓa ɓata lissafin akuya ba, zan ɓata na ɗa? Na ara wa gwamnati kai ta kai ka yaƙi, ta dawo min da kai da kyar. Sai kuma in ƙara mata da teku?"

Inna, kin san abin da na yi. Na kwance abin awon, na naɗe shi, na ce jinin ya ɗan sauka, na fita. Ban yi dariya ba, ban yi faɗa ba. Washegari na dawo muka ci gaba da rigimar gishiri kamar ba a yi ba. Kin riƙa satar kallona kwana da kwanaki, na gani, na yi kamar ban gani ba. Har Allah ya karɓe ki, kanki a kan cinyata, ban ce miki komai a kan maganar ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba, na so in zama likita. Har yau in na ga yaro da farar riga da abin sauraron ƙirji a wuya, sai wani abu ya motsa min. Kin yanke min hukunci ba ki tambaye ni ba, kuma da kin tambaye ni da na tafi. Amma da na tafi, da wani ne zai riƙe miki kofi a kwanakin ƙarshe, ni kuma a aiko min da wasiƙa. Na auna wannan da wancan shekaru masu yawa, kuma ni ma yanzu ina da 'ya'ya a nesa, na san yadda kunne yake tashi in mota ta tsaya a ƙofar gida.

Don haka ga abin da ya kamata in faɗa a wancan hantsin. Na yafe miki, duniya da lahira, kada wannan magana ta tsaya miki a gaban Ubangiji ko daidai da ƙwayar gero. Ke ma ki yafe min shirun da na yi. Shi ya fi nauyi.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Allah ya haɗa ki da Baba da Kawu Buba a inuwa ɗaya, ya sa aljanna ce makomarku. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sada mu da alheri. Amin.

Naki mai biyayya har kullum,
ɗanki na fari,
Saje Lawan mai ritaya, Gwiwa.