Dangwalen Baba a Takardar Filin Sistoci

Al Nahda, Dubai.

Zuwa ga yayata Sista Monika, wadda mu a gida muka sani da Talatu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabin da ƙanwa ke yi wa yayarta, ina fata kina cikin hutun da kika yi shekara talatin da biyar kina yi wa aiki. Ni ce Asabe. Shekara biyu ke nan da muka sa ki a ƙasa a bayan gidanku na sistoci, amma sai yau na samu bakin yi miki magana, domin sai jiya na sauke ajiyarki.

Kin san ajiyar da nake nufi: takardar filin da gidanku da ɗan asibitinku suke kai. Kin ba ni ita a gadon jinya, a naɗe cikin leda, kika ce, "Ba tawa ba ce, ba taki ba ce. Ran da suka samu suna, ki mayar musu." Na ce to. Na sa ta a ƙasan akwati na taho da ita nan.

Ina 'yar shekara tara aka rubuta ta, kuma ban manta ranar ba. Ku biyar ne a lokacin, kuna haya a ɗaki biyu, kuka je wajen dagaci neman fili. Ya ce shi ba ya sayar wa taron mata ƙasa, a ba shi sunan mutum ɗaya wanda ya san ubansa. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangare, don a wajen hukuma ƙungiyarku ba kowa ba ce, ba ta da rajista, ba ta iya saye balle ta mallaka. A cikinku ke kaɗai ce 'yar yankin. Sai aka rubuta Talatu Ɗanjuma, sunan da kika ajiye ran da kika ɗaura farin ɗankwali.

Dagaci ya ƙara da cewa sai uba ya zo shaida. Lokacin Baba ya shekara huɗu bai yi miki magana ba, yana cewa kin hana shi jikoki. Kowa ya ce ba zai zo ba. Sai ga shi a kan kekensa, ni a baya. Bai gaishe ki ba, bai dube ki ba. Ya miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada, ya dangwala a ƙarƙashin sunanki, ya goge a jikin rigarsa, ya ce, "'Yata ce." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kika juya baya kina gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Abin dariya, Yaya, ƙanwarki da ta riƙe takardar nan aikinta ke nan a Dubai. A ofishinmu na Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwa na katako ke lodi, ni nake haɗa wa 'yan kasuwa takardun buɗe kamfani. Kullum bakina na ciwo da bayani: Alhaji, kar ka sa kaya da sunanka, sa da sunan kamfani, kamfani ba ya mutuwa, ba ya da 'yan'uwa masu zuwa rabon gado. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, har da ɗan Larabcin da na tsinta. Sai ga shi abin da nake koya wa mutane ya zo kaina na kasa.

Sistocinku sun samu sunan, kin ji. Sista Agnes, shugabarku, ta bi Abuja ta yi ta zarya har aka yi musu rajista da amintattu uku, aka ba su hatimi. Yanzu a idon doka ƙungiyarku mutum ce, tana iya riƙe ƙasa ko da duk waɗanda suka kafa ta sun shuɗe. Saura abu ɗaya: a takarda filin naki ne, ke ba ɗa, iyayenmu sun rasu, ni kaɗai ce magajiyarki. Lauyansu ya aiko mini da rubutun da zan sa wa hannu cewa na bar musu, ya ce in haɗa da takardar asali, don za a karɓe ta a ba su sabuwa da sunan ƙungiya.

Wata biyar rubutun nan yana cikin durowata. Ba kwaɗayin ƙasa ba ne, kin san ni, ko tukunyar fulawa aka ba ni sai ta bushe. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Gidanmu ya zube. Ke kuma a kan kabarinki Sista Monika aka rubuta. A duk duniya wuri ɗaya ne sunanki na gida da yatsan Baba suke tare, shi ne wannan takarda. Duk ran Juma'a, ranar da muke zuwa coci a nan, in na dawo sai in ciro ta in duba, in mayar. Na kai ta na'urar ofis na yi kwafi, yatsan ya fito baƙin ɗigo kawai, babu zane ko ɗaya.

Ina nan ina jan ƙafa, 'ya'yan Kawu Iliya suka ji labari. Suka ce tunda filin na Talatu ne kuma Asabe ta yi shiru, to na dangi ne. Suka je da igiya suka auna gonar da ke bayan asibiti, wai da ruwan farko za su shuka. Kin san mutanenmu, in mutum ya shuka ya girbe sau ɗaya, fitar da shi sai kotu, kuma tsofaffinku ba su da ƙafar zuwa kotu.

Sista Agnes ta kira ni, katinta na ƙarewa tana sauri. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Asabe, in kin fasa ki gaya mana, mu fara neman inda za mu kai Sista Rahila, don ita ba ta iya tashi." Sista Rahila fa, Yaya, wadda ta yi miki wanka har ranar ƙarshe. Kunya ta kama ni, layi ya yanke.

Ramatu ce ta ƙarasa ni, 'yar Maraɗin nan da muke ɗaki ɗaya, mai sarin atamfa. Musulma ce, ba ta san sista ba sai a bakina. Ta ji duka, ta dube ni ta ce, "Ke dai amanar matacciya kike kwana a kai. Yalla, maza tashi." Na ji haushinta kwana biyu, don ta faɗi daidai.

Jiya da safe na je ofishin jakadancinmu na sa hannu a gaban jami'i, ya buga hatimi, khalas, an gama, in ji Larabawa. Kafin in liƙe ambulan na ɗora babban yatsana a kan na Baba. Nasa ya fi nawa faɗi sosai. Na daɗe a haka, har mutumin ya tambaye ni ko akwai gyara, na ce babu. Ramatu za ta tafi gida jibi, za ta bi ta Kano, ta yi mini alkawarin hannu da hannu za ta ba lauyansu a can, kafin ruwa ya sauka.

A motar dawowa, muna tsaye cikin cunkoson hanyar Sharjah, na tuna yadda takardar nan take damun ki. Kin yi wa Allah wa'adi ba za ki mallaki komai ba, ko takalmin ƙafarki kina cewa "takalminmu", muna yi miki dariya. Amma duk shekara in an zo maganar fili sai ki ce, "Ni ce sistar da ta fi kowa ƙasa a garin nan, Allah ya yafe mini." A da ina tsammanin wasa kike. Sai jiya na gane shekara talatin kika yi kina jiran a sauke miki, ni kuma na ƙara miki wata biyar. Ki yafe mini, Yayata. Kewarki ce ta sa, ba wani abu ba.

Allah ya ba ki hutawa cikin haskensa, ke da Baba da Inna. Ya tsare gidan nan da matan da ke cikinsa, da waɗanda za su zo bayansu ba su san sunanki ba. Ya ba 'ya'yan Kawu abin da ya fi wannan gona. Amin.

Yanzu ba ki da ko taku ɗaya na ƙasa a duniya. Inda kike kwance ma nasu ne. Wa'adinki ya cika, Talatu.

Taki ƙanwa,
Asabe.