Amsar da Inna Ta Ba Lajna

Umbadda, 3 ga Maris, 1998

Kawu Yakubu,

Wane ne baƙo a Umdurman, matar da aka binne cibiyarta a nan ko wanda ya zo daga baya da biro a hannu? Ina gaisuwa, ina gaida Goggo Awadiyya, amma raina a ɓace yake.

Lajna, wato kwamitin rabon filaye, ta kira Inna ranar Lahadi. Sun hana ni shiga, wai ba tafinta, Larabci kawai. Ka san Larabcin yayarka, na sayen tumatir ne. Suka tambaye ta daga ina take, ta ba su amsar da tsofaffinmu ke ba kowa: mu mahajjata ne, a kan hanyar Makka muke. Shekara sittin da biyu ba ta taɓa wuce Bahri da ke ƙetaren kogi ba! Suka rubuta "mai wucewa". An shafa wa bangonmu jan fenti, rusau nan da wata guda.

Wani ɗalibi ɗan Indiya mai jin harshen Sindhi yana kawo mini gyaran babur. Ya ce a Indiya mutanensu ba su da ko jiha, amma tun 1967 harshensu na cikin dastur, tsarin mulki ke nan. Na sa ya maimaita sau biyu. Mu fa? Na koyi karatun Hausa da kaina daga jaridun da ɗaliban Najeriya ke naɗe kaya, ban taɓa ganin ta a takardar hukuma ba.

An ce an gayyace ka zaman dattawa kan sabon dastur. Ka tashi ka ambaci Hausa. Kafin nan ka zo ka shaida Inna 'yar nan ce.

Ɗanka,
Ladan

Alhilla Kuku, 12 ga Maris

Ɗana Ladan,

Bayan sallama da fatan alheri. Takardarka ta iso, na karanta na ƙone ta. Kada ka ƙara rubuta irin wannan, yanzu ba a sanin mai buɗe wasiƙa.

Zaman dattawan nan shayi ne da tafi, ya waladi, ɗana. Ba a tambayar mu komai.

Batun shaida kuwa, zan faɗa maka abin da ko 'ya'yana ba su sani ba. Da na nemi jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, wata ƙabila na rubuta, ba tamu ba. A takarda ni da Hajara, mahaifiyarka, ba mu haɗa uba ba. In na tsaya na ce yayata ce, aikina da gidana sun tafi, nata kuma bai tsira ba. Ku zo, akwai ɗaki a bayan gida. Allah Ya sassauta.

Kawunka,
Yakubu

Umbadda, 29 ga Maris

Kawu,

Gaisuwa. Jiya sun rushe layin su Hadizatu mai ƙosai, saura namu. Inna ta ƙi ɗakinka. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofa, tana ta cewa, "Yakubu zai zo, ni na goya shi." Na kasa gaya mata.

Ran Juma'a bayan sallah zan miƙe a masallacin unguwa in kira sunanka. Ka zo ka amsa a gaban jama'a, da Hausa, yadda za ta ji daga sahun mata: Hajara yayarka ce ko ba yayarka ba ce?

Ladan