Takardar Baffa

Ƙofar Ran, Bauchi
Watan Mayu

Abban Muktar,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ya aiki, ya sanyin Gembu? Mu nan alhamdulillahi, sai kewarka. Wayarka ba ta shiga sai an yi sa'a, in ma ta shiga muryar yankewa take yi, shi ya sa na ba direba wannan.

An sallamo Baffa daga asibiti. Ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba. Yana gane kowa, yana jin duk abin da ake faɗa, amma in ya buɗe baki sai maganar ta tsaya masa a maƙogwaro. Likita ya ce a yi haƙuri, wasu takan dawo musu, wasu kuma shi ke nan. Na tattaro na dawo gida wurin Inna kamar yadda ka ba ni izini, daga nan nake zuwa makaranta.

Shekaranjiya Dakta Kehinde ta zo dubiya, abokiyar aikinsa ɗin nan ta sashen kimiyyar dabbobi. Ka tuna binciken da Baffa ya daɗe yana yi a rugar bayan Tirwun, kan ganyen da makiyaya ke jiƙa wa maruƙa idan tsutsar ciki ta kama su? Ashe kafin ya kwanta ya aika wa wata mujalla ta ƙasar waje. Sun amsa cewa aikin ya ba su sha'awa, amma ba za su miƙa wa masu bita ba sai an mayar da shi bisa tsarinsu. Tana gama faɗa Baffa ya kamo hannuna da hagunsa ya ɗora a kan kwamfutarsa. Ban san lokacin da na ce to ba.

Abban Muktar, ni malamar lissafi ce, ban taɓa sanin haka ake wahala ba. Suna son tazara tsakanin layuka, kowane layi da lambarsa. Jadawali ba a barin sa cikin rubutu, sai a ƙarshe, kowanne a shafinsa. Manazarta kuwa Baffa ya jera su bisa haruffa, su kuma lamba suke so, bisa yadda aka ambace su a ciki. In na gusar da guda ɗaya sai sauran duk su rikice. Jiya na wuni a kan waƙafi da aya. Wani littafin ma babu shekarar bugu, na zazzage kwalayen ɗakinsa ban gan shi ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sun ce ya yi tsawo, a rage kashi ɗaya cikin uku. Sai in zauna gefen gadonsa in karanta masa sakin layi, in ya yarda a cire ya lumshe ido. Akwai inda ya ba da labarin yadda ya fara ganin ganyen a hannun mahaifinsa, lokacin yana yaro yana bin shanu. Dakta ta ce mujallar ba ta ɗaukar irin wannan. Da na karanta masa bai lumshe ido ba, bai kuma girgiza kai ba, sai ya juya fuskarsa bango. Na cire. Ban sani ba ko izini ya ba ni ko fushi ya yi.

Ka sa mu a addu'a. Inna tana gaishe ka, Muktar ma haka.

Matarka,
Lailatu


Ƙofar Ran, Bauchi
Watan Agusta

Abban Muktar,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin naka? Direba ya ce mura ta kama ka, Allah ya ƙara sauƙi. Saƙonka ya iso, Inna ta yi godiyar zumar.

Takardar binciken Baffa ta tafi tun tuni, bayan shafin mujallar na intanet ya yi ta dawo mini da ita. Yau su ce hoton jadawali bai fito sosai ba, gobe su ce tsakuren ya zarce ƙa'ida, jibi su ce sunan marubuci ya ɓoye a cikin fayil, alhali masu bita bai kamata su san shi ba. Ranar da ta shige na durƙusa na gaya wa Baffa, ya yi murmushi da rabin bakinsa. Na ɗauka an gama.

Makon jiya amsar masu bita ta zo. Na farko ya yaba, gyararrakinsa ƙanana ne, ni da Dakta muka gama su a zama ɗaya. Na biyun tambaya guda ya yi. Ya ce yadda Baffa ya siffanta ganyen da furensa bai dace da sunan kimiyyar da ya rubuta ba, a tabbatar wane tsiro ne, in ba haka ba aikin ba shi da tushe. Dakta ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce lallai kafin ciwon Baffa ya taɓa ce mata akwai gyaran da zai yi, bai dai faɗi ko mene ne ba. Busasshen ganyen da ya ajiye a ɗakin gwaji kuwa, rufin ya yi yoyo da ruwan farko, ya ruɓe, masu shara suka zubar.

Ta ce tsiro biyu ta sani da ake kira da sunan Fulatancin da ke cikin takardar. Ta nemo su ta kawo. Na ɗora masa a cinya, ya ɗaga na farko, ya murza, ya shinshina, ya ture. Na biyu ma haka, shi ne kuma wanda shi da kansa ya rubuta sunansa. Sai ya fara ƙoƙarin magana. Wallahi ina kallon amsar a idonsa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, leɓensa yana rawa, ba abin da ya fito sai iska. Na ba shi biro a hagu, ya yi wasu karce-karce da ba harafi ba. Inna ta shigo ta kwashe ganyayen ta ce mu ƙyale mata miji haka nan.

Ranar Asabar na hau keke har Tirwun neman Arɗon rugar, tunda shi ya riƙa tsinko wa Baffa ganyen. Inda Baffa yake kai mu shan nono muna yara, yanzu bulo ne da yashi, an yanka filaye an kafa turaku. Wani magini ya ce tun bara suka tashi, wai sun yi wajen Taraba, wani kuma ya ce Kamaru. Na zagaya bayan gine-ginen ina duba ciyayi kamar wadda ta san abin da take nema. Ban sani ba. Da na taka shi ma ba zan gane ba.

Don Allah in ka shiga kasuwar shanu ta wajenku ka tambaya ko an ga wani Arɗo da ya taso daga Bauchi, dattijo ne dogo mai tabo a goshi. Na san abin da wuya, amma ba ni da wata dabara.

Ka kula da kanka.

Taka,
Lailatu


Ƙofar Ran, Bauchi
Watan Oktoba

Abban Muktar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya. Na gode da yawon da ka sha a kasuwanni, Allah ya saka da alheri. Kada ka ƙara wahalar da kanka.

Editan mujallar ya ƙara mana lokaci da na gaya masa halin da ake ciki, ƙarin ma ya zo ƙarshe. Na rasa yadda zan yi, sai na ce wa Dakta me zai hana mu bar sunan yadda yake, mu gyara siffar ganyen ta dace da shi, mu ce marubuci ya tabbatar. Wa zai sani? Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce ba sunanta ne a kan takardar ba.

Na rubuta amsar, na je na karanta wa Baffa. Na yi masa bayani cewa aikinsa na shekaru ne a ciki, gara ta fito da ɗan kuskure da ta mutu a kwamfuta. Ina cikin magana na ji murya ta ce:

"A'a."

Tas ta fito, da muryarsa ta da, irin wadda yake hana mu abu muna yara. Inna tana bakin ƙofa, kwanon da ke hannunta ya faɗi.

Da la'asar na rubuta wa editan cewa mun janye takardar. Ya amsa da ladabi, ya yi wa Baffa fatan samun lafiya. An jera komai daidai, ko waƙafi ɗaya babu wanda ya kauce, tana nan a ajiye.

Kafin magariba labari ya zagaya unguwa cewa Dakta Bakari, kamar yadda suke kiran Baffa, ya yi magana. Inna ta dama fura ta raba sadaka, mata suka cika tsakar gida suna yi mana barka. Na zauna cikinsu ina amsawa, ina ta hawaye, kowa ya ɗauka na farin ciki ne. Ni ma ban iya rarrabewa ba.

Tun daga ranar bai sake cewa komai ba. Yanzu Inna ta ɗauki wata hanya, kullum sai ta kawo masa abin da ta san ba ya so, miyar kuɓewa, shayi mai sukari da yawa, ta tsaya a kansa tana tambaya ko zai ci, wai ko zai sake faɗa. Kallonta kawai yake yi, ya buɗe baki ta ba shi.

Ka yi ƙoƙari ka zo ƙarshen wata, ina son ganinka. Allah ya tsare mini kai.

Ni ce matarka,
Lailatu