Muryoyi a Kan Mazari

Mai Wurno, Talata

Zuwa ga angona Musbahu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jiki, yaya zaman gudun hijira a garin Kasala? Ina fata kana ci, don ni ba na son miji ramamme. In Hausar ta gagare ka, Balaraben banza, nemi mai karanta maka.

Bayan haka, masu bindiga sun shigo mana ran Juma'a. Ka san ɗakin tarihin gari, inda Malam Garba ke ajiye takardun ajami da kaset-kaset na tsofaffin da aka goyo daga Sakkwato. Can suka faɗa. Da suka ga akwatin ƙarfen da yake ajiyar a ciki sai suka ce zinariya ce. Garba ya kife a kansa. Suka yi ta dukansa da gindin bindiga har haƙora suka zube, jini ya rine gemu, sannan wani ɗan tsurut ya harbe shi a ciki. Ina leƙe ta katanga, mayafi cushe a baki.

Ko ɗan kunne ba su samu ba. Takardun suka hura wuta da su, suka dafa shayi gefen gawa. Kaset kuma suka tattake, zaren ya watsu a titi ya sarƙe a ƙaya.

An kai Garba da la'asar. Allah ya jiƙansa.

Matarka da ka gudu ka bari,
Habbobarka, wato kakarka, Ma'u

Mai Wurno, Lahadi

Angona,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da uwarka.

Kai da ke dariyar mazarina, to ya yi rana. Da suka tafi, ni da Habi maƙwabciyata muka bi ƙaya muna tsince zaren kaset, ina naɗewa a mazari kamar abawa. Wani zaren da jini a jiki, muka goge da auduga. Mato mai gyaran rediyo ya liƙa da jan farce, ya zura cikin tsohon kwanson kaset.

Kaset ɗin ya yi magana, Musbahu! Sai dai mun haɗa a karkace. Baffana na cikin labarin ƙetare Nilu, sai kakar Habi ta tsoma baki da waƙar daka. Suna raye ma ba su jituwa, ga shi na haɗa su zama ɗaya. Muka yi dariya, muka koma kuka.

Ga matsalar: sunayen masu muryoyin na jikin kwanson da aka farfasa, Garba kuma ya tafi. Mato ya zaga gari da rediyon, ba wanda ya gane muryoyin nan sai ni. Ƙafafuna kuwa sun fara kumbura.

Hanya na buɗewa ka taho da biro, in faɗa kana rubutawa, ko da Larabcin naka ne. Kada ka tsaya gyaran gashi, amaryar ba ta da lokaci.

Taka har kullum,
Ma'u