Wayar Birkin da Ba Ta Kai Ba

Zuwa ga Shugaban kanikawan babur na Birnin Ƙonni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da duk masu sana'a, ina neman izini in faɗi maganata a fili, tunda na aiko maka saƙo sau biyu a asirce ban ji amsa ba.

Ni wanzami ne. Gidajen da nake yi wa aski, daga cikin gari har ƙauyukan Bazaga, gadonsu na yi wurin mahaifina, kuma da babur nake zagaya su. Da shekaru suka ja, baya ya fara ciwo, sai 'yan kabu-kabu suka ba ni shawara in cire kan babur ɗin, wato ƙarfen da ake riƙewa a tuƙa, in sa mai tsawo, don in daina duƙawa. Na kai shi garejin ɗaya daga cikin mutanenka. Ba zan ambaci sunansa ba. Ka san shi, ni ma na san shi, don ni na yi wa 'ya'yansa askin suna.

Ga yadda abin ya gudana.

Na ɗaya. Ya sa sabon kai, amma bai canza waya ko ɗaya ba. Ta birkin gaba, da ta kuloci, da ta totur, duk tsofaffin ne da aka yi su daidai da gajeren kai. Da ya ga ta birki ba ta kai ba, sai ya fiddo ta daga maƙalinta na bayan fitila, ya yanke mata hanya, ya ɗaure ta da robar tsohon tub na taya. Ina tsaye ina kallo. Na tambaya ko ba za a sayo doguwa ba, ya yi dariya ya ce, "Baba Wanzam, waya ai da kanta take miƙewa." Ban ja da shi ba, don shi ma bai taɓa zuwa ya koya mini riƙon aska ba.

Na biyu. Ya gwada aikinsa, ba zan ce bai gwada ba. Ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, kai a miƙe sambal, ya matsa birki ya saki, ya murɗa totur ya saki, ya ce ya yi. Bai juya kan hagu ba, bai juya shi dama ba. Yanzu da ba ni da aikin yi, na zauna a gareji fiye da ɗaya ina kallo, na ga gwajin kowa ke nan. Kamar dai duk hanyoyin ƙasar nan a miƙe aka shimfiɗa su.

Na uku. Kwana biyar bayan haka, ina dawowa daga wani suna da hantsi, sai amalanken jaki ya fito daga gona ɗauke da buhunan wake. Ba gudu nake yi ba, mai amalanken shaida ne. Na karya kai hagu sosai don in kauce. Wayar nan ta ɗame, ta ja birkin gaba da kanta, alhali yatsuna ba su taɓa shi ba. Taya ta cije, na tashi ta saman kai, na sauka a kan hannun dama. A likita aka ce wuyan hannu ya karye wuri biyu. An ɗaure, ƙashi ya haɗe, amma babban yatsa da manuni sun ƙi haɗuwa, kuma da su ake riƙe aska. Ba zan ɗora hannu mai rauni a kan jaririn mutane ba. Gidaje sun fara kiran wani wanzami, ban ga laifinsu ba. Abin yana mini ciwo ƙwarai, na faɗa sau ɗaya don kada a ce na ɓoye.

Na huɗu. Mutuminka ya zo dubiya, da goro da dattawa biyu. Ya ce ƙaddara ce, ya roƙi in ba shi babur ya gyara kyauta. Na karɓi goro, na kuma yarda ƙaddara ce, amma babur ban bayar ba. Dattawan suka ce ba a yin haka tsakanin mutanen da suka san juna. Na ce musu ranar da aka sa sabuwar waya, ranar shaidata ta ƙare, sai maganar da aka riga aka fara a majalisa ta zauna, wai tsoho ne ya kasa riƙe babur. In ta zauna haka, gobe za a ɗaure wa wani tasa wayar da roba.

Ranka ya daɗe, ban je jandarma ba, ba ni da niyyar zuwa. Ba na neman diyya, ba na so a kori kowa daga sana'arsa. Roƙona shi ne ka sa doka tsakanin mutanenka: duk wanda ya canza kan babur ya sa wayoyin da suka kai, su bi maƙalinsu. Kafin ya miƙa makulli, ya ta da inji, ya juya kai hagu har ƙarshe, dama har ƙarshe. In taya ta cije ko inji ya ƙara kuka, aiki bai ƙare ba. Sannan a kira waɗanda aka riga aka yi wa irin wannan aiki a duba musu. Ranar kasuwa na ga babura masu dogon kai da yawa, wasunsu da mace mai goyo a baya.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon faɗa wa naka gaskiya, ya tsare hannuwanku da kuke cin abinci da su.

Babur yana zaurena yadda aka ɗauko shi daga hanya, robar tana nan a ɗaure. Ka zo da kanka ka juya kan hagu, ka ga abin da taya za ta yi. Da na nuna maka da kaina, amma aikin na mai hannu biyu ne. Wasiƙar ma ɗiyata ce ta rubuta ina faɗa mata, sa hannun da ke ƙasa kuwa da hagu na yi shi.

Wassalam.

Illiya Wanzam,
Birnin Ƙonni.