Kada a toshe ramin Kanar

Invercargill, New Zealand

Zuwa ga Mama,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya 'yar'uwata Narelle da yara? Ni lafiya lau. Aikin mayankar tumaki ba laifi, yatsuna ne dai ba sa lanƙwasuwa da safe, barci kuma sai a hankali. Kada ki sa wannan a ranki.

Maganar da Narelle ta yi mini a waya ce ta hana ni sukuni. Wai mijinta Desmond zai zuba siminti a gaɓar rafin bayan gida, har da ramin ƙadangarenmu Kanar. Na ce mata ƙadangaren yana ciki. Ta ce, "Kai dai da ƙadangarenka. Tun watan Mayu ba wanda ya gan shi, ya mutu."

Mama, kin fi kowa sani. Duk lokacin sanyinmu, daga Mayu zuwa Agusta, haka yake shigewa rami ya toshe bakin da ƙasa, ba ci ba motsi. Sai Satumba ya fito da jan ƙirjinsa yana gyaɗa kai, ki zo shanya ya faɗa ruwa tsundum. Don Allah ki hana Desmond, ya jira zafi. Allah ya bar mana ke.

Ta kuma ce za a sa ɗan haya a ɗakina na gida, tunda na yi shiru. Sanyi ne kawai, Mama. Shi ma ɗakin a bar shi zuwa Satumba.

Ɗanki,
Lachlan